Ƙodar Yaya da Ƙahon Ranar Kasuwa

Wata uku da 'yan kwanaki bayan an yi mini dashen ƙoda, likitar da take duba ni ta riƙe takardar gwajin jinina ta daɗe tana kallo ba ta ce uffan ba. Na san irin wannan shirun. Wanda ya shekara biyu yana zaryar asibiti ya iya karanta fuskar likita fiye da yadda ɗalibaina 'yan aji uku suka iya karanta allo. Na ce mata, "Likita, in ƙodar ce ta ƙi zama, ki faɗa mini kawai. Ba na son rarrashi."

Ta ce, "Ƙoda lafiyarta ƙalau, Malama. Hantarki ce take ƙorafi."

Na yi dariya, don ban san abin da zan yi ba in ba dariyar ba. Na ce wato kayan cikin nawa layi suka yi, wannan ya gama wancan ya karɓa. Ba ta taya ni dariyar ba.

Ni malamar firamare ce a wani ƙauye arewa da Ɗanbatta, irin ƙauyukanmu da gonar wannan take manne da ta wancan, ba ka gane iyaka sai da layin gamba. Hawan jini ne ya cinye mini ƙodojina a hankali tun daga haihuwata ta uku, ban sani ba sai da ƙafafuna suka kumbura takalmi ya daina shiga. Daga nan na shiga zaryar Kano, wankin ƙoda sau biyu a mako. Babur ya kai ni Ɗanbatta, in shiga motar haya a matse ni tsakanin buhun gyaɗa da mai goyo, in kwanta awa huɗu na'ura tana zuƙar jinina tana mayarwa, in dawo gida kamar tsumman da aka matse. Makaranta kuwa sai dai in ji ƙarar ƙararrawarta daga kan tabarma.

A mafi yawan tafiye-tafiyen nan Yaya ne yake raka ni, don maigidana yana da shago ba ya iya rufewa kullum. Cikin 'ya'yan da Inna ta haifa mu biyu ne muka rayu, Yaya, sai ni bayan shekara goma sha ɗaya. Manomi ne, da rani kuma yana kiwata raguna ya kai kasuwa. Magana ba ta dame shi ba, ni kuwa Allah ya ba ni bakin mutum biyu, ina jin har da nasa aka haɗa mini. Tun ina ƙarama nake tsokanarsa, kan tafiyarsa, kan hularsa, kan yadda yake yi wa rago magana a hankali kamar surukinsa. Iyakarsa ya girgiza kai ya ce, "Auta ke nan."

Ranar da likitoci suka ce dashe ne kaɗai mafita, ba wanda ya roƙe shi. Yana zaune a kan benci yana jin bayani, da aka gama sai ya tambaya, "Mutum yana iya noma da guda ɗaya?" Aka ce masa yana iyawa. Ya ce, "To a ɗebi nawa jinin a gani." Aka gwada shi ciki da waje, aka ce ya dace, kuma jininsa tas yake. Sharaɗi ɗaya ya kafa, a bari ya shigar da amfanin gona tukuna. Da ya rufe rumbunsa aka sa rana, aka yi aiki, ƙoda ta zauna kamar da ita aka haife ni.

Abin kunya, duk bakin nan nawa ban taɓa buɗe shi na ce masa na gode ba. A tsakanina da Yaya kalmar ta yi mini nauyi. Da ya fara takawa ya zo gefen gadona yana dafe da ciki, abin da na ce masa shi ne, "Yaya, da ma haka kake da tsoron allura? An ce har addu'ar tsari ka yi da ƙarfi." Ya ce, "Auta ke nan," ya koma gadonsa. Na ɗauka ya fahimci sauran.

To ga ni yanzu a gaban likita tana yi mini bayanin ciwon hanta, nau'in da suke kira C. Ta ce ƙwayar cuta ce, ta jini take bi. Ta ce duk tsawon lokacin da nake wankin ƙoda ana gwada ni, ba a taɓa ganinta ba, har jajibirin aiki. Nan fa na tashi da faɗa. Na ce ai ba sai an yi bincike ba, na'urarsu ce, mutum nawa ne yake kwanciya a kanta a rana? Na faɗi maganganun da yanzu in na tuna nake rufe fuska. Matar nan ta bar ni har na sauke, sannan ta ce sun riga sun bi ta nan, duk waɗanda muke amfani da na'ura ɗaya an sake gwada su ba wanda yake da ita, kuma ba a yi mini ƙarin jini ba.

"Hanya ɗaya ta rage ba mu duba ba," in ji ta. "Ki zo mana da yayanki."

Na ce, "Ba ku kuka gwada shi ba? Har sau biyu?"

Ta ce, "Mu ne. Amma in ƙwayar ta shiga jikin mutum yau, takan yi kwanaki tana laɓe, gwaji ba ya ganinta. Ƙoda kuma ba ta zuwa ita kaɗai, da ɗan jinin mai ita take tahowa. Ke kuma maganin da kike sha don kada jikinki ya yaƙi ƙodar, shi ne yake kwantar da garkuwar jikin, shi ya sa ta yi saurin nunawa a wurinki."

Ta kwantar mini da hankali cewa wannan nau'in yana da magani, ƙwaya ɗaya a rana har wata uku, kuma yawanci ana rabuwa da shi gaba ɗaya. Amma in aka bar shi, ta ce, zai yi shekaru yana cin hanta shiru, mai shi yana yawonsa bai san komai ba sai ta lalace. Ban ji tsoro don kaina ba, na riga na saba da haɗiyar ƙwaya. Tunanina duk yadda zan kalli mutumin nan in ce masa ana zargin kyautarsa.

Ban faɗa masa ba. Na ce dubawa ce ta al'ada, ana so a ga yadda ɗinkinsa ya warke. Ya sa wankakkiyar rigarsa muka tafi, a mota har yana ba ni labarin wani rago da ya ƙi cin dusa.

Likita ta zaunar da shi ta fara tambaya. Kafin aiki, an yi masa allura a wani wuri? A'a. An cire masa haƙori? A'a. Ya sha wani maganin gargajiya?

"Ban sha komai ba, likita. Kun ce kada in sha, ban sha ba. Ko goro na bari."

Ta ce ya ɗage riga ta ga wurin aikin. Yana juyawa sai idonta ya tsaya a kafaɗunsa. Ni na san bayan Yaya tun ina goye a kansa, ban taɓa ɗaukar waɗannan 'yan tsage-tsagen a matsayin wani abu ba, haka bayan Baba ma yake, haka na kusan duk mazan garinmu.

"Malam, kana yin ƙaho?"

"Duk shekara, in an gama girbi."

"Na bana yaushe ka yi?"

"Bana ai sau biyu na yi," ya faɗa har da ɗan alfahari. "Na farko da muka gama ɗaurin dawa. Na biyu kuma ranar kasuwa, saura kwana biyar a yi aikin."

Likita ta ajiye biro. "Me ya sa ba ka faɗa ba da ake maka tambayoyi kafin aiki?"

"Ai ba a tambaye ni ba. An ce allura, an ce magani. Ƙaho kuwa ba magani ba ne, kamar aski ne."

"To na biyun, me ya sa? Wani wuri ne yake maka ciwo?"

Ya kalle ni, sannan ya mayar da ido ƙasa. "Ba inda yake ciwo. Na ga yarinyar nan ta sha wuya. Na ce abin da za a sa mata a ciki, gara a cire mataccen jinin tukuna, ya je mata da tsabta."

Wanda bai san garinmu ba zai ce wauta ce. Ni ba zan ce haka ba. Mutumin da ko rago zai kai wa wani kyauta sai ya wanke shi ya yanke masa ƙofato, ya za a yi ya ba ƙanwarsa ƙoda bai gyara ta ba? A wurinmu jiki yana tara gurɓataccen jini ne in an sha aikin damina, kuma wanzami ne yake fitar da shi. Zai kafa maka ƙahon a baya ya zuƙe iska da baki, fata ta taso, ya cire ya tsattsaga da aska, ya mayar. In ya juye maka baƙin gudan jinin nan a ƙasa ka gan shi da idonka, sai ka miƙe kana jin kamar an sauke maka dami. Wanzamin kuma namu ne, shi ya yi wa 'ya'yana uku askin suna. Ranar kasuwa mutane layi suke yi a rumfarsa, aska ɗaya ce, ya ɗauraye ta a kwano ya goge da ƙyalle ya kira na gaba. Kuma in faɗi gaskiya, da Yaya ya gaya mini a lokacin cewa ya je ƙaho saboda ni, duk bokon nan nawa cewa zan yi madalla.

Aka ɗebi jininsa. Bayan mako muka koma, sakamako ya nuna yana ɗauke da ita. Likita ta yi masa bayani a tsanake, ta ce ba za ta rantse ba, amma duk alamu rumfar nan suke nunawa. Ta ce ba a ɗaukar cutar ta abinci ko ta gaisawa ko ta zama wuri ɗaya. Ta ce akwai magani. Ina kallonsa na san ba ya jin ko ɗaya.

Ya ce, "Wato ni na sa mata."

Likita ta ce, "Aska ce ta sa muku, ku biyun."

Ya karɓi takardar maganinsa ya ninke ta huɗu ya sa a aljihu. Da muka sauka a Ɗanbatta ya tsayar mini da babur, ya ce yana da uzuri a kara wajen masu dabbobi, in wuce zai taho. Na san ba shi da wani uzuri, amma na hau.

Daga ranar Yaya ya ɗauke ƙafa. Da, ba ya wucewa gona bai tsaya a zaurenmu ya yi gyaran murya ba, in leƙo in ce masa wani abu mai zafi, ya wuce yana murmushi. Mako ya wuce, biyu, uku. Na kira wayarsa ta yi ta ringi. Sai dai matarsa ta zo da ƙwaryar gero ko 'yan ƙwan zabi ta ce in ji shi. Ranar da na ritsa ta a ɗaki na ce sai ta gaya mini gaskiya, ta fashe da kuka. Ta ce ya ware kwanonsa da kofinsa. Ya daina fita cin abinci da maza a ƙofar gida, shi da ya fi shekara ashirin yana sa hannu a kwano ɗaya da maƙwabtansa. Takardar magani kuwa tana nan a aljihun rigar yadda ya ninke ta.

Ta ce, "Ya ce shi ba inda yake masa ciwo. Kuma ya ce wanda ya jawo ciwo ba shi ya kamata a tsaya yi wa magani ba."

Wannan ne ya hana ni sukuni. Ni ina haɗiyar tawa ƙwayar kowace safiya, jikina yana ƙara ƙarfi, har na koma makaranta ina yi wa yara tsawa kamar da. Shi kuma yana can da ƙoda ɗaya, da abin da yake cin hantarsa a ɓoye, kuma duk saboda ni. Na tura maigidana. Inna ta kira shi ta yi masa magana. Liman ma ya zaunar da shi ya yi masa nasiha kan ƙaddara. Kowa ya yi magana sai Yaya ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka ne." Da ma ya yi musu da sauƙi. Ba abin da ya fi wuyar turewa kamar mutumin da yake ce maka haka ne.

Na yi fushi da shi, fushi na gaske. Na yi kwanaki ina tsara maganganun da zan gaya masa ina wanke-wanke, har na fasa kofi biyu. A ƙarƙashin fushin kuma tsoro ne zalla.

Damina ta sauka. Da na je Kano dubawa na kai wa likita ƙararsa, ta sake rubuta takarda, maigidana ya sayo maganin a ranar. Washegari Asabar, ba makaranta. Na ɗaura zane na sa hijabi, na jefa kwalbar maganin a jaka, na ce wa maigidana gonar Yaya za ni. Ya ce bari ya ɗauko babur. Na ce da ƙafa za ni.

Tafiyar ba ta kai ta rabin awa ba, amma shekara uku rabona da ita. An yi ruwa shekaranjiya, ƙasa tana da laushi, gero ya kai gwiwa, gyaɗa ta fara rufe ƙasa. Ko'ina mutane ne a duƙe suna noman farko, gona a jikin gona, ba yadda za a yi ka wuce ba a gan ka ba. Sai ɗagowa suke yi suna cewa, "Malama, ke ce da ƙafa? Ikon Allah!" Ina amsawa ina haki, amma hakin mai lafiya ne, ba irin na da ba da nake yi daga ɗaki zuwa banɗaki.

Na hango shi a tsakiyar gero shi kaɗai, ya rame. Da ya ɗago ya gan ni sai ya tsaya riƙe da fartanya, bai matso ba.

"Auta, me ya fito da ke cikin ranar nan? Likita ba ta hana ki ba?"

"Likita ta faɗi abubuwa da yawa, Yaya. Wasu ma da furfurarsu ba sa ji."

Na wuce gindin ɗorawar da yake ajiye kayansa. Ga jarkar ruwansa nan naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu don ta yi sanyi. Na ɗauka na buɗe.

Ya saki fartanya ya taho da sauri. "Kada ki sha! Na sa baki!"

Na kafa kai. Likita, in kin karanta wannan ki yafe ni, ruwan burtsatse ne. Na sha, na sauke na numfasa, na sake kafa kai. Ruwa yana zuba ta gefen bakina yana jiƙa hijabi, ban damu ba. Sai da na ji jarkar ta yi sakayau na ajiye. Yana tsaye yana kallona kamar na zautu.

Na ce, "Ka tuna kofin shayin nan?"

Ya tuna, na gani a fuskarsa. Mai wankin ƙoda ba ya fitsari, don haka ruwan da zai sha a auna masa ake yi. Shekara biyu ina rayuwa da 'yan kofunan shayi a rana, a garin da zafin bazara yake fasa leɓe. Ina kallon akuya tana shan ruwa a kasko ina jin hassada.

Na ce, "Duk ranar da ka raka ni Kano, tun daga fitarmu har dawowarmu ba ka shan ruwa. Mota ta tsaya, kowa ya sayi ruwan leda, kai ka ce ba ka jin ƙishi. A bazara, Yaya. Ka ɗauka ban gani ba? Na gani. Bakina ne bai iya faɗin abin kirki ba."

Ya ce, "Bari wannan maganar."

"Ba zan bari ba. Wannan ruwan da na sha yanzu, wa ya ba ni? Ƙafar da na tako da ita, wa ya ba ni? Jiya ni na yi wa 'ya'yana tuwo, ni na tuƙa da hannuna." Na dube shi ido cikin ido. "Na gode, Yaya. Tun a gadon asibiti ya kamata in faɗa, na tsaya shirmen allura. Na gode. Allah ya saka maka da Aljanna."

Ya juya mini baya yana kallon geronsa. Can ya ce, a hankali, "Cuta na ba ki, Auta. Na je in gyara, na ɓata."

"Ƙoda ka ba ni, cuta ta laɓe ta biyo ta. Cutar ta wata uku ce, har na cinye rabi. Ƙodar kuwa ba inda za ta. Wallahi ko yau aka mayar da ni ƙofar ɗakin tiyata aka ce ga ƙodar Yaya da cutarta, ko kuwa ki koma kan na'ura, da gudu zan shiga, ko takalmi ba zan tsaya cirewa ba."

Fushin da na yi kwanaki ina tarawa ya taso, na ce gara in juye shi duka.

"Kuma wannan zaman da kake yi, kada ka ɗauka tuba ne. Hukunta ni kake yi. Ka ba ni lafiya, sannan ka ce in zauna da ita ina kallon hantarka tana lalacewa saboda ni? Da wane ido zan kalli 'ya'yanka? Da wane ido zan kalli Inna? Mu biyu gare ta. In haka ne gara ka kai ni a farke a mayar maka da abarka."

Ya juyo da sauri. "Subhanallahi. Wace irin magana ce wannan?"

"Irin wadda ka jawo."

Na ciro kwalbar na buɗe, na zazzago ƙwaya ɗaya a tafina na miƙa. Ban san abin da zan yi ba in ya ce mini haka ne ya koma kan fartanyarsa. Ba ni da wata dabara bayan wannan, duk abin da nake da shi na zube.

Ya daɗe yana kallon ƙwayar. Sannan ya goge hannu a jikin wando, ya ɗauka da yatsu biyu kamar mai ɗaukar irin shuka. Ya sunkuya ya ɗaga jarka, ya girgiza.

"To da me zan haɗiya? Kin shanye ruwan."

Na fashe da dariya da kuka a haɗe, har masu noma a gonar gefe suka ɗago. Ya ɗaga jarkar sama ya tatsi ɗan abin da ya rage, ya yi bismilla ya haɗiye.

Washegari da hantsi na ji gyaran murya a zaure. Na leƙo, ga shi da fartanya a kafaɗa da kwalba a hannu. Ya ce, "Kawo ruwa. A gabanki zan riƙa sha, don na san halinki, ba za ki yarda ba sai kin gani." Haka muka yi har ya cinye wata ukunsa, ko ranar da ake ruwa kamar da bakin ƙwarya sai ya zo lulluɓe da buhu. A cikin makonnin ne matarsa ta gaya mini ya mayar da kwanonsa cikin na mutane. Wanzamin ma Yaya bai yi masa faɗa ba. Ya saya masa kwalin reza ya kai masa rumfa, ya zauna ya yi masa bayani daidai yadda ya fahimta, daga baya kuma ya lallaba shi suka je aka gwada shi. Ni da nake shirin zuwa in tara masa jama'a, sai na ji kunya na zauna.

Bayan an gama shan magani sai an jira wasu watanni kafin gwajin ƙarshe. Likita ta haɗa mana rana ɗaya. Lokacin an sake yin girbi, kuma a karon farko tun yana saurayi Yaya bai kwanta a gaban wanzami ba, ya ce bana ya yafe. Muka zauna a gabanta kafaɗa da kafaɗa kamar yaran da aka kira ofishin hedimasta. Wannan karon ba ta ja shiru ba. Ta ɗaga takardu biyu ta ce, "Ku duka tas. Babu ita a jinin ko ɗayanku."

Na ce alhamdu lillahi ya fi sau goma, na kama hannun matar nan da na taɓa yi wa rashin kunya na riƙe gam. Yaya kuwa ko motsi bai yi ba. Bai tambayi komai game da hantarsa ba. Ya ɗan matso gaba ya ce, "Likita, ƙodar fa? Abin bai taɓa ta ba?"

Ta juyo masa da takardata, duk da ta san ba ya karanta boko, ta ɗora yatsa a kan wani layi. "Ka ga nan, Malam? Wannan aikin ƙodarka ne a jikinta. Ko a jikinka ba za ta fi haka ba."

Ya kalli wurin da yatsanta yake. Sai ya cire hula ya rufe fuska da ita, kafaɗunsa suka fara girgiza. Ko ranar da aka binne Baba ban ga hawayensa ba. Tsokana ta zo mini har bakin leɓe, don ita ce yaren da na iya da shi, kuma na san in na yi zai ji sauƙi ya ce Auta ke nan. Na haɗiye ta. Na matsa kusa na zauna shiru har ya gama, kuma har yau ban taɓa tsokanarsa a kan wannan ba.